TARIHI: Jerzy Neyman, masanin lissafin da ya auna kuskuren masu bincike

A shekarar 1978 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga wani rahoto mai tayar da hankali. Masu bincike huɗu a birnin New York sun tattaro gwaje-gwajen magani 71 da aka riga aka wallafa, waɗanda duk suka ƙare da hukunci iri ɗaya, cewa ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin majinyatan da aka yi wa sabon magani da waɗanda ba a yi musu ba. Masu binciken ba su sake gwada magani ko ɗaya ba. Tambaya guda suka yi wa kowane gwaji: da a ce maganin yana aiki da gaske, shin yawan majinyatan da aka saka a ciki ya isa a gane hakan?

A gwaji 67 daga cikin 71, majinyatan sun yi kaɗan, har akwai haɗarin da ya wuce 10 cikin 100 na cewa magani ya kyautata sakamako da kashi 25 cikin 100 amma gwajin ya wuce bai lura ba. A 50 daga ciki kuwa, ko da kyautatuwar ta kai rabi, wannan haɗari yana nan. Ke nan an yi ta sallamar magunguna da sunan ba su da amfani, alhali idon da ya duba su ba mai iya gani ba ne tun farko.

Ma'aunin da aka yi wannan tonon silili da shi ya shekara 45 a duniya a lokacin. Ɗaya daga cikin mutum biyu da suka ƙirƙiro shi yana raye, dattijo mai shekara 84, kullum yana ofishinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Sunansa Jerzy Neyman.

Ɗan ƙasar da babu ita a taswira

An haife shi ranar 16 ga Afrilu, 1894, a garin Bendery da ke bakin kogin Dniester, a yankin Maldoba ta yau, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa 'yan Poland ne, sai dai ita Poland ɗin babu ita a taswira, domin tun 1795 Rasha da Prussia da Ostiriya suka yi watandar ta. Mahaifinsa lauya ne, gidan kuma mai rufin asiri, har yaron ya tashi yana jin harsuna biyar kafin ya shiga makarantar sakandare. A 1906 mahaifin ya rasu, rufin asirin ya tafi tare da shi, mahaifiyar ta kwashi 'ya'yanta zuwa Kharkov, wato Kharkiv ta ƙasar Yukren a yau.

A jami'ar garin ya shiga a 1912 da niyyar karanta kimiyyar fiziks, amma hannunsa bai faɗa da aikin ɗakin gwaji ba, sai ya koma lissafi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, raunin ido ya hana a ɗauke shi soja. Ya duƙufa kan littattafan Bafaranshen nan Henri Lebesgue, ya rubuta doguwar maƙala a kansu wadda ta samo masa lambar zinariya a 1916. Malaminsa Sergei Bernstein ne ya koya masa lissafin yiwuwar aukuwar abu, shi ne kuma ya nuna masa wani littafin Baturen Ingila Karl Pearson kan yadda kimiyya take tunani.

Daga nan duniya ta juya. Juyin juya halin 1917 ya zo, yaƙin basasa ya biyo baya da yunwa, tarin fuka ya kama Neyman. A 1920 ya auri Olga Solodovnikova, 'yar Rasha mai zane, ba a daɗe da ɗaurin auren ba aka kulle shi na 'yan makonni, saboda Rasha tana yaƙi da sabuwar ƙasar Poland, shi kuma ɗan Poland ne. A 1921, bayan an yi sulhu, ya ƙetara zuwa ƙasar iyayensa. Yana da shekara 27, bai taɓa zama a cikinta ba.

Burinsa tsantsar lissafi, irin wanda ba ruwansa da gona ko asibiti. Amma ciki ba ya jiran buri. Aikin da ya samu shi ne na mai ƙididdiga a wata cibiyar binciken noma a garin Bydgoszcz, inda tambayar kullum ita ce: an shuka iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya yabanya, to irin ne ya fi kyau ko kuwa ƙasar da ya faɗa ce ta fi taki? A kan wannan matsala ya rubuta aikin da ya ba shi digirin dakta a Jami'ar Warsaw a 1924. Shekara guda bayan haka ya sami tallafin karatu zuwa Landan, wurin Karl Pearson ɗin da ya karanta littafinsa a Kharkov.

Tafiyar ba ta yi masa daɗi yadda ya zata ba. Pearson ya kusa shekara 70, shi ne sarkin fagen ƙididdiga a Ingila, amma Neyman ya iske lissafin da ake yi a ɗakin binciken nasa ya tsufa in aka gwada da na Rasha da Faransa. A 1926 ya wuce Faris don sauraren Lebesgue da Émile Borel, ya fara sallama da ƙididdiga a zuciyarsa. Wasiƙa ce ta dawo da shi, daga Egon Pearson, ɗan Karl, wanda suka saba a Landan, mutum mai kunya da ya girma a inuwar uba mai zafi.

Maigadi da kurakuransa biyu

Abin da ke damun Egon yana buƙatar ɗan bayani. A shekarun nan hanyar da Ronald Fisher ya yaɗa a littafinsa na 1925 ita ce ke tashe. Mai bincike zai fara da hasashen cewa babu wani bambanci, misali sabon iri da tsohon iri duk ɗaya suke. Sai ya lissafa: in haka ne, sau nawa arashi kaɗai zai haifar da tazara irin wadda aka gani a gona, ko wadda ta fi ta? In amsar ta gaza sau 5 cikin 100, sai a ce da wuya wannan ya zama arashi, a yar da hasashen farko. Hanya ce mai kyau, tana kuma aiki har gobe. Amma akwai hanyoyi da yawa na yin wannan lissafi a kan bayanai iri ɗaya, ba kuma lallai su ba da amsa ɗaya ba. Wace za a zaɓa, bisa wane dalili?

Egon ya kai tambayar gaban William Gosset, masanin da ke aiki a kamfanin Guinness a Dublin, wanda yake wallafa bincikensa da sunan aro na Student. Amsar Gosset a 1926 ita ce mabuɗin. Ya nuna masa cewa don abin da aka gani ya zama baƙo a ƙarƙashin wani hasashe, wannan kaɗai bai isa a yar da hasashen ba. Abin da ke juya hankalin mai bincike shi ne samuwar wani hasashe na daban, kishiyar na farko, wanda zai fi bayyana abin da ido ya gani. Egon ya ga hasken, amma ya san lissafinsa ba zai kai shi gaci ba, shi ya sa ya nemi Neyman.

Kusan duk aikin da wasiƙa aka yi shi, tsakanin Landan da Warsaw, domin Neyman ya koma gida a 1927, ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin bincike a Cibiyar Nencki a shekarar da ta biyo. Zamani ne na matsin tattalin arziki, albashi ba tabbas, yana haɗa aiki nan da can don ya riƙe gida da ɗalibansa. A haka maƙalarsu ta farko ta fito a mujallar Biometrika a 1928, sannan manyan biyu suka fito a 1933, ɗaya a mujallar Royal Society ta Landan, ɗaya a Cambridge.

Abin da suka faɗa ana iya fahimtarsa daga ƙofar gida. Maigadi yana iya yin kuskure iri biyu cikin dare. Yana iya jin motsin kyanwa ya kurma ihun ɓarawo, ya tashi unguwa a banza. Yana kuma iya jin motsin ɓarawo ya ce kyanwa ce, ya gyara kwanciya. Na farko shi ne ganin abin da babu, wanda Neyman da Pearson suka kira kuskure nau'i na ɗaya. Na biyu shi ne rashin ganin abin da yake akwai, kuskure nau'i na biyu. Dokar 5 cikin 100 ta Fisher kuskuren farko kaɗai take tsarewa. Kamar maigida ne ya gargaɗi maigadi cewa duk ranar da ya sake tashin mutane a banza, a bakin aikinsa. Maigadin zai rage ihu, ba shakka, ɓarayi kuma za su ji daɗin unguwar. Matsa wa kuskure ɗaya yana buɗe wa ɗayan ƙofa, muddin fitilar da ke hannun maigadin ba ta canza ba. Wanda yake son rage duka biyun, sai ya sayi fitila mai haske.

Hasken wannan fitila shi suka raɗa wa suna ƙarfin gwaji, wato yiwuwar gwaji ya gano bambanci idan bambancin yana nan da gaske. Ana kuma iya lissafa shi tun kafin a shuka ƙwaya ɗaya ko a ba majinyaci ƙwaya ɗaya. Ya dogara ga girman bambancin da ake nema, da yawan waɗanda aka gwada, da yadda sakamako yake hawa da sauka don kansa daga mutum zuwa mutum, da kuma tsananin sharaɗin da aka gindaya wa kuskuren farko.

Misali da alƙaluma ya fi bayani. A ɗauka akwai cutar da mutum 50 cikin 100 suke warkewa da tsohon magani, sabon magani kuma yana warkar da 60 cikin 100. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, mutum goma ne a kowane ɗari. In aka gwada shi a kan majinyata 50 a kowane ɓangare, da sharaɗin nan na 5 cikin 100, ƙarfin gwajin bai wuce kusan 17 cikin 100 ba. Ma'ana, in asibitoci shida suka yi irin wannan gwaji, abin da ake sa rai shi ne biyar su rubuta cewa ba su ga bambanci ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya ko maguɗi a cikinsu. Kafin ƙarfin ya kai 80 cikin 100, ana buƙatar majinyata kusan 390 a kowane ɓangare. Ga wani abin takaicin kuma: asibiti na shidan da ya yi dace ya ga bambanci, tazarar da zai ba da rahoto za ta ninka ta gaskiya ko ma ta wuce haka, domin a ƙaramin gwaji sai arashi ya kumbura sakamako yake iya tsallake sharaɗin.

Da wannan suka amsa tambayar Egon. A fara ƙayyade kuskuren farko a matakin da aka yarda da shi, sannan cikin duk hanyoyin gwajin da suka cika wannan sharaɗi a zaɓi wadda ta fi ƙarfi. Neyman ya kawo hujjar lissafi cewa idan hasashe biyu ne tsayayyu suke fuskantar juna, gwajin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda yake kwatanta yadda kowannensu ya dace da bayanan da aka samu. Ita ce ƙa'idar da ke ɗauke da sunayensu biyu a littattafan ƙididdiga na duniya. Game da wane kuskure ne ya fi muni kuwa, sun ƙi yanke hukunci. Sun kawo misalin kotu, tsakanin ɗaure marar laifi da sakin mai laifi, suka nuna cewa lissafi ba shi da amsar wannan, sai wanda ya san abin da kowane kuskure zai jawo.

Shayi biyu a gini ɗaya

A 1933 Karl Pearson ya yi ritaya, jami'ar ta raba gadonsa gida biyu: ɓangare ɗaya aka ba Fisher, ɗaya aka ba Egon, a gini ɗaya, wani a saman wani. Fisher ya daɗe ba ya ga-maciji da Karl Pearson, ƙiyayyar kuma ta shafi ɗan. Har ɗakin shan shayi sai da aka raba wa lokaci, mutanen wannan su fita kafin na wancan su shigo. Cikin wannan gida Neyman ya sauka a 1934, da Egon ya samo masa gurbin koyarwa.

Da fari suna mutunci da Fisher. A shekarar ce Neyman ya gabatar wa Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Birtaniya maƙalarsa kan yadda ake ɗibar samfur daga jama'a, inda ya nuna cewa zaɓe ta hanyar ƙuri'a ya fi zaɓen da masani yake yi da hannunsa yana ganin ya san wakilai na gari. Ya kafa hujja da yadda wasu masanan Italiya biyu suka zaɓi gundumomi da hannu daga ƙidayar 1921, sakamakon ya karkace. Binciken jin ra'ayin jama'a da na lafiyar iyali da ake yi yau a ƙasashe da dama a kan wannan tushe suke. A ƙarshen maƙalar ya saka wata dabara da ya faɗaɗa a 1937, ta bayar da amsa a matsayin tazara, daga kaza zuwa kaza, tare da faɗin yawan amincin da hanyar take da shi.

A watan Maris na 1935 zumuncin ya watse. Neyman ya gabatar da maƙala kan gwajin noma, ya taɓa wasu tsare-tsaren rarraba gona da Fisher yake alfahari da su. Fisher ya miƙe a gaban taro ya nuna cewa mai maƙalar ya shiga fagen da bai sani ba. Daga ranar har mutuwar Fisher a 1962 ba su shirya ba. A 1955 Fisher ya rubuta cewa hanyar Neyman ta dace da mai duba kaya a masana'anta, wanda zai karɓa ko ya mayar, har ya danganta ta da tunanin tsare-tsaren shekara biyar na Tarayyar Sobiyet da na 'yan kasuwar Amurka. A 1961 Neyman ya wallafa maƙalar da ya sa wa suna bikin cikar rigimarsu shekara 25.

Adalci ya sa a faɗi cewa Fisher ba zafin rai kaɗai yake yi ba. A ganinsa kimiyya neman sani ce, gwaji guda shaida ce da ake aunawa a ajiye, ba umarnin karɓa ko ƙi ba. Shi ma ya yi magana kan yadda ƙara yawan gwaji yake ƙara masa kaifi, ya kuma gargaɗi mutane cewa gaza rushe hasashe bai tabbatar da shi ba. Amma bai yarda a sa wa kuskure na biyu lamba ba. Neyman kuwa yana ganin duk mai bincike a ƙarshe mataki yake ɗauka, ya ba da magani ko ya hana, ya raba iri ko ya ajiye, don haka ya wajaba ya san sau nawa tsarinsa zai kai shi ya baro shi in ya daɗe yana bin sa. Marubutan littattafan koyarwa da suka biyo baya ba su raba gardamar ba. Sun gauraya hanyoyin biyu kamar abu ɗaya ne, suka riƙe 5 cikin 100 kamar doka, suka bar ƙarfin gwaji a shafin da ba a cika buɗewa ba.

Berkeley

A 1937 Neyman ya yi rangadin laccoci a Amurka, ciki har da waɗanda W. Edwards Deming ya shirya masa a Ma'aikatar Noma a Washinton. Ba a jima ba takarda ta zo daga Griffith Evans, shugaban sashen lissafi a Berkeley, yana gayyatarsa. Ya isa a 1938 da matarsa da ƙaramin ɗansu, yana da shekara 44. Tafiyar ta kawo ƙarshen aikinsa da Egon. Shekara guda bayan haka Jamus ta mamaye Poland, da yawa daga cikin ɗalibai da abokan aikin da ya bari a Warsaw ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Da ya sake buga littafin laccocinsa a 1952, gare su ya sadaukar da shi.

A 1939 wani ɗalibinsa, George Dantzig, ya makara zuwa aji, ya iske tambayoyi biyu a allo, ya kwafe a zaton aikin gida ne. Ya kawo amsa bayan 'yan kwanaki yana ba da haƙurin jinkiri. Bayan kusan mako shida, da safiyar wata Lahadi, Neyman ya buga masa ƙofa da takardu a hannu: tambayoyin matsaloli ne da masana ba su warware ba, ya rubuta su ne don misali. Labarin ya zaga duniya da ƙarin gishiri iri-iri, amma ba a cika faɗin abin da tambayoyin suka ƙunsa ba. Ta farko a kan ƙarfin gwajin Student take, kuma Dantzig ya tabbatar da cewa da ƙayyadadden samfur ba za a iya tsara gwajin da ƙarfinsa bai dogara ga yawan hawa da saukar bayanan ba.

A 1942 Neyman ya so ɗaukar wani matashin masanin lissafi baƙar fata, David Blackwell, amma wariyar launin fata a cikin jami'ar ta toshe hanyar. Bai manta ba. A 1954 ya kawo shi, Blackwell ya zama baƙar fata na farko da ya sami kujerar farfesa ta dindindin a Berkeley, ya shugabanci sashen ƙididdiga daga 1957, a 1965 kuma ya zama baƙar fata na farko a Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. Shi kansa sashen sai a 1955 ya tsaya da ƙafarsa, bayan shekaru ana ja-in-ja da Evans, wanda yake son ƙididdiga ta zauna a ƙarƙashin lissafi. Neyman mutum ne mai kyauta da son baƙi, amma ba shi da sauƙi in ya sa abu a gaba, hukumar jami'ar ta sha fama da shi. Tarukan masana da ya fara kira a Berkeley a 1945, sau shida zuwa farkon shekarun 1970, su suka mayar da garin alƙiblar masu wannan fanni.

Inda ra'ayinsa kan ƙarfin gwaji ya gamu da kuɗi da siyasa shi ne batun ruwan sama. A farkon shekarun 1950 kamfanoni sun cika yammacin Amurka suna karɓar kuɗin manoma da hukumomi, da alƙawarin za su fesa wa gajimare ƙurar wani sinadarin azurfa ya zubar da ruwa. Hukumar ruwa ta jihar Kalifoniya ta nemi ɗakin binciken Neyman ya duba iƙirarin. Shi da abokiyar aikinsa Elizabeth Scott, masaniyar taurari da ƙididdiga, suka ga inda gizo yake saƙa: kamfanin da ke zaɓen ranar da zai yi feshi yana iya zaɓen ranar da hadari ya riga ya haɗu. Suka dage cewa ƙuri'a ce za ta raba ranakun feshi da na bari. Sannan suka nuna wa masu murnar cewa feshin ba ya komai nasu kuskuren, domin ruwan sama yana bambanta ƙwarai daga rana zuwa rana, har gwajin 'yan shekaru ba shi da ƙarfin da zai gano matsakaicin ƙari ko ragi. Da suka sake nazarin wani babban gwaji da aka yi a jihar Missouri daga 1960 zuwa 1964, alamun da suka gani na raguwar ruwa ne a ranakun feshi, har a wurare masu nisa. Masana yanayi da dama sun yi jayayya da wannan, Neyman kuma bai bar batun ba har ƙarshen rayuwarsa.

Girmamawa ta zo masa a jere, lambar zinariya ta Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Birtaniya a 1966, Lambar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta 1968, zama ɗan Royal Society a 1979. Amma rabin darasin nasa bai shiga ba. A 1962 wani masanin halayyar ɗan Adam, Jacob Cohen, ya ɗauki maƙaloli 70 na wata mujallar fanninsu ya lissafa ƙarfinsu, ya samu cewa damar da suke da ita ta gano matsakaicin bambanci ba ta kai rabi ba. Da jefa kwabo sama aka yi, da an fi su dacewa. Cohen ya rubuta littafi guda a kan batun a 1969, shi ne kuma ya yaɗa al'adar neman ƙarfin 80 cikin 100. Da wasu masana biyu suka sake duba mujallar a 1989, sun iske ba abin da ya gyaru.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Kuskure na farko yana da mai shi: wanda ya yi shelar magani ya tashi ba ya aiki, sunansa yana jikin takarda, za a neme shi. Kuskure na biyu ba ya barin sawu. Majinyacin da ya mutu don an ajiye maganin da zai cece shi ba ya shiga lissafin kowa, rahoton da ya jawo haka kuma yana nan da kamalarsa, yana cewa ba a ga bambanci ba. Ga shi kuma babban gwaji yana cin kuɗi da shekaru, ƙarami kuwa yana isa a sami ƙarin girma a wurin aiki.

Egon Pearson ya rasu a watan Yuni na 1980. Neyman, wanda ya yi ritaya a takarda tun kusan shekara ashirin kafin nan amma bai taɓa sakin ɗakin bincikensa ba, ya bi shi ranar 5 ga Agusta, 1981, a wani asibiti a Oakland, yana da shekara 87.

A lokacin likitocin zuciya suna cikin wata gardama da ta faro tun 1959, kan wani magani mai narkar da gudan jini, streptokinase, ko yana rage mutuwa bayan bugun zuciya. An yi ta ƙananan gwaje-gwaje, mafi yawansu ba su ga bambancin da ya cika sharaɗi ba, maganin bai zama abin bayarwa ga kowa ba. Sai a 1986 wani gwaji a Italiya mai majinyata sama da 11,000, da wani na ƙasashe da yawa a 1988 mai sama da 17,000, suka nuna ƙarara cewa yana ceton rai. A 1992 wasu masu bincike, cikinsu har da Thomas Chalmers, ɗaya daga cikin huɗun nan na rahoton 1978, suka jera gwaje-gwaje 33 da aka yi kan maganin bisa shekarunsu, suna tara sakamakon ɗaya bayan ɗaya. Amsar ta riga ta fito tun 1973, bayan gwaji takwas kacal da majinyata 2,432, shekara takwas kafin rasuwar Neyman.